Abin da Na Baro a Wayar Illa

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A makaranta malamai 'yan'uwana su tare ni, a ƙofar masallaci a tare ni, har mai facin bakin hanyar Bagwai sai da ya ajiye tayar da yake liƙewa ya ce, "Malam Sani, wai da gaske ne a can intanet kyauta ake sha a tasha?" Kowa abin da ya dame shi ke nan. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, ga shi duk sanda na kai tsakiya sai wani ya katse ni da tambayar yadda ake sayar da shinkafa a can. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Mai neman labarin yawon buɗe ido ya yi haƙuri, ba shi ya kai ni ba.

Yayana Lawan ne ya kai ni. Shi ne ɗan farin Inna, ni nake bi masa. Shekarun baya ya bar gona da mata da 'ya'ya biyu, ya bi masu zuwa haƙar zinariya can arewa da Agadas, inda waya ba ta shiga sai an hau dutse. Da farko yakan kira jefi-jefi, daga baya muka ji shiru. Bana ana cikin sharar gona, zafi ya kai inda ya kai, sai wata baƙuwar lamba ta kira ni. Mutumin ya ce sunansa Illa, rami ɗaya suke aiki da Lawan. Ya ce Lawan ya kwanta ciwon ƙirji, Allah ya karɓi abinsa, su suka yi masa sutura. Ya ce an ɗauki bidiyon jana'izar a wayarsa don kada a yi musu. Ya ƙara da cewa kafin Lawan ya cika ya karɓi wayar ya yi wa mahaifiyarsa magana, maganar tana nan a ajiye.

Na ce ya turo min ta manhajar hira. Ya ce layin da ya buɗe ta da shi ya mutu tun a daji, yanzu ma da wayar maƙwabcinsa yake kirana. Ganin gida ya zo, ran Laraba zai bi ta Maraɗi ya koma bakin aiki. In ina so in same shi a tasha, mu haɗa waya da waya.

Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, ƙaninsa Baffa Haladu ne babba a gidan. Ya tara mu a zaure ya ce, "Ni ba zan shiga in ce wa Hansatu mijinta ya mutu don wani da ban taɓa gani ba ya bugo waya. An sha yin haka. A ce mutum ya mutu a can, a yi sadaka, bayan shekara ya shigo da jakarsa. Ga ruwa ya kusa sauka, dole a san matsayin gonarsa. Sani, ka je ka zo mana da hoton nan mu ga fuskarsa da idonmu. Hoton shi ne kan gaba." Sau uku ya maimaita min wannan kafin a tashi.

Maganar muryar kuwa ba wanda ya ɗago ta, kuma mai ita ba ta da bakin ɗagowa. Kun san kunyar ɗan fari a wurinmu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunan Lawan ba, sai dai "yayanku" ko "wancan". Kakarmu ce ta raine shi. In ya shigo ɗaki Inna za ta sami abin yi a tsakar gida. Ranar da zai tafi ma ni ta aika in gaya masa ba ta yarda da tafiyar ba, ya ji, ya sa kai ya tafi. Duk zaman da aka yi a zaure tana bayan ƙofa tana tsintar wake, ko tari ba ta yi ba. Sai da safe, da na ɗauki jaka, ta miƙo min ƙullin ƙuli-ƙuli a leda, tana kallon bango ta ce, "Duk abin da mutumin ya ba ka, ka taho da shi. Duka." Na gane abin da take nufi, ita ma ta san na gane.

Babur ya kai ni Bici. Gonaki gefe da gefe an share su tas, tarin taki a jere, kowa ya zuba ido sama. Muka wuce ta gefen gonar Lawan, ita kaɗai ce karan bara ke tsaye a cikinta. A Bici na shiga ƙaramar mota zuwa Katsina, irin wadda ake cusa mutum biyu a kujerar gaba kuma direba ya riƙa canza giya a cinyarka ba ko sannu. Har Katsina ana hira ana dariya, wata mai barkono tana faɗa da direba a kan buhunta da ya danne da taya. Amma da muka canza mota muka kama hanyar Jibiya sai hira ta mutu. Shinge bayan shinge, ga ƙauyuka a gefen hanya wasu ba ko kaza a cikinsu. Wani tsoho a baya ya ja carbi har muka isa, ba wanda ya tambaye shi dalili.

Kusa da ni wani mai fataucin dabino ne, ya ga alamar ban taɓa ƙetarewa ba. Ya ce, "Malam, da gani kai malamin makaranta ne. In mun je iyaka ka riƙe katinka a hannu, ka ajiye Turancinka a aljihu. Can ba ya ci." Na ji haushin yadda ya karanta ni, amma na bi shawararsa. Iyakar kanta ba wani abin kallo, igiya ce da rumfuna da 'yan babur da suke kira kabu-kabu. A ɓangarensu wani jandarma dogo ya karɓi katina ya juya shi gaba da baya, ya tambaye ni da Hausa tsantsa inda za ni. Na ce karɓo labarin rasuwar ɗan'uwana za ni. Ya dube ni, ya miƙo min katin ya ce, "Zinariya?" Na ce e. Ya ce, "Allah shi jiƙan shi. Kuna da yawa." Bai ƙara tambayata komai ba.

Dab da magariba muka shiga Maraɗi. Tashar manyan motocin ba irin tamu ba ce. Katanga gare ta da ƙofar ƙarfe, ga wani babban zaure da aka shimfiɗa tabarmi inda matafiya ke kwana, maza gefe mata gefe, ba mai ce maka tashi. Ba kwandasta mai jan rigarka, ba ɗan kamasho mai ƙwace maka jaka. Na daɗe ina jiran wanda zai zo ya cuce ni, bai zo ba, har na fara jin kamar an raina ni.

Abinci kuwa, wani dogon burodi mai tauri suka tsaga min suka zuba wake da mai a ciki, na ci ganda-ganda har dasashina ya yi ciwo. Akwai kwaɗon zogale mai kyau, wannan kam sun fi mu iya shi, ko da matan gidanmu za su ji haushi. Shayinsu a ɗan ƙaramin kofin gilashi ne, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maganin shawara. Na nemi madara, mai shayin ya yi dariya ya ce, "Ɗan Najeriya ke nan." Da na zo sa caji kuma sai na tarar ramukan bangonsu biyu ne zagayayyu, cajata mai ƙafa uku ba inda za ta shiga. Sai da mai shayin ya ara min tasa, ya ce in na tashi tafiya in tuna da shi.

A nan na ga abin da kuke ta tambaya. Wani farin akwati ne ɗan ƙarami manne a saman bango, fitilunsa koraye suna ƙiftawa. Mu waifai muke cewa, su wifi. An rubuta lambar shiga da alli a jikin bango, kowa ya kwafa. Ƙarƙashinsa mutane ne zaune a cunkushe, kai a sunkuye, kamar kaji an watsa musu tsaba. Na shiga ni ma, wayata ta kama, na ji daɗi har raina. Na ce a zuciyata aikin gobe ya zo da sauƙi, tunda ga intanet kyauta.

Illa ya ce min da hantsi zai iso. Hantsi ya yi, rana ta take, aka yi azahar, babu shi. Na zaga tashar har masu gadi suka san fuskata. Sai bayan sallah wani siririn mutum da rawani ya tsaya a kaina ya ce, "Kai ne ƙanen Lawan. Tahiyarku ɗaya." Motar ƙauyensu ce ta lalace a hanya. Ya riƙe hannuna ya yi min ta'aziyya, tafinsa kamar bawon itace, kuma kowace magana sai ya tsaya ya yi tari. Tarin nan ya tsaya min a rai, don na san irinsa ne ya ɗauke Lawan. Ya ce kayan jikin mamacin sun ba waɗanda suka yi masa wanka. Ya ce motarsa ta Damagaram bayan la'asar za ta tashi, daga can zai nemi ta arewa.

Muka zauna ƙarƙashin akwatin. Wayarsa ta sha wuya, fuskarta a tsage, an naɗe bayanta da salatif. Ya buɗe bidiyon. Lawan ne, ba ko tantama. Ya rame, gemu ya cika masa fuska, amma ga tabon da lauje ya yi masa a goshi muna yara. Na ce ya isa. Illa ya ce bidiyon dogo ne ƙwarai, don wanda ya ba wa wayar bai san yadda ake tsayarwa ba, ya ɗauka tun daga wurin wanka har aka gama rufe kabari.

Sai ya buɗe ɗayan. Aka ji iska, aka ji numfashi, sannan muryar Lawan ta fito a shaƙe: "Inna, ni ne. Ina wuni."

Na kai yatsa na tsayar. Illa ya dube ni. Na ce, "Ba nawa ba ne. Ita za ta fara ji." Ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiyarka. Gahwara ya roƙa, ya yi zancen ɗiyanshi. Ba shi da tsawo."

Muka buɗe manhajar tura kaya, irin wadda ɗalibaina ke tura wa juna waƙoƙi da ita. Da yake wayoyin duka biyu suna kan waifan tasha, nan take suka ga juna. Na karɓi tasa na zaɓi bidiyon, muryar Baffa tana min amo a kunne, sannan na zaɓi saƙon, na danna. Wani siririn layi ya fito wanda in ya cika an gama. Na zuba masa ido. Can ya ɗan motsa, kamar tururuwa ta ɗauko ƙwayar dawa.

Ba abin da ban yi ba. Na miƙe tsaye na ɗaga wayoyin sama daf da akwatin har kafaɗuna suka yi tsami. Na ji sun ɗau zafi, na cire wa wayata rigarta, na riƙa yi musu fifita da hulata. Wani ya ce wayata ce ta cika, na goge hotunan 'yan ajina da wa'azin da na tara shekara da shekaru, ba abin da ya canza. Mai shayi ya ce a haɗa su fuska da fuska, na haɗa. Wani tsoho ya ce a ɗora su a kan farantin ƙarfe, wallahi sai da na ɗora. Mutum in ya matsu ba shawarar da yake rainawa.

Na ce wa Illa, "To mu yi musaya mana. Ka ɗauki tawa, ta fi taka lafiya, ka bar min wannan." Ya girgiza kai. Ya ce, "Malam, ba na Lawan kaɗai ke ciki ba. Akwai na mutum biyu, ɗaya ɗan Damagaram, ɗaya ɗan Tanut. Su ma iyayensu suna jirana bisa hanya." Ban san ɗan aiken matattu nake zaune da shi ba.

Da na duba wayoyin mutanen da ke kewaye da mu sai na ga inda ƙarfin yake tafiya. Wannan yana sauke fim, wancan yana kallon ƙwallo, wata tana hira da 'yarta fuska da fuska. Illa ya bi su ɗaya bayan ɗaya da lalama, yana cewa don Allah a ɗan saurara, saƙon mamaci ne. Da yawa suka kashe, har da masu yi mana addu'a. Amma wani mai jar riga ya ce abin na kowa ne, shi ma tikiti ya saya. Ni dama raina a wuya yake. Na gaya masa maganar da ban taɓa gaya wa ɗan ajina ba, ya miƙe, na miƙe, sai da aka shiga tsakani. Ana raba mu wata babbar mota ta shigo ta juye fasinja, kowa yana saukowa yana kwafar lambar jikin bango. Layin nan da ya fara ɗan rarrafe ya tsaya cak.

Na je wurin ma'aikacin da ke yankar tikiti na roƙe shi. Ya saurare ni da kyau, ya ce an saita akwatin ne ya ba kowa kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya san saitin ba a garin yake ba. Abin da zai iya kawai shi ne ya kashe ya kunna. Ya hau kujera ya zare wayar wuta ya mayar. Zauren ya ɗauki tsaki da ƙorafi, kowa ya san ni ne sanadi. Da ya dawo, kayanmu ya ci gaba daga inda ya tsaya, na yi hamdala. Amma saurin yana nan yadda yake. A lokacin layin ya ɗan haura rabi, inuwa kuma ta fara tsawo.

Akwai wata mata zaune a benci tana kallonmu tun ɗazu, mai farin tabarau, da jakar hannu a cinya. Madam suke ce mata. Ashe a wani asibiti take aiki a Damagaram, mota ɗaya za su shiga da Illa. Ta ce, "Malam, mi kuke turawa haka tun azahar?" Na gaya mata. Ta karɓi wayoyin ta duba, ta ce, "Ai ku kuka wahal da kanku. Ga taka, ga tashi, tsakaninsu bai kai taki ɗaya ba. Amma kun sa kayan sai sun tahi akwatin can, sun bi layi da na duk mutanen ga, sannan su dawo. Wanga aiki ba ya son intanet ko kaɗan. Ku sauka daga wifin duka. Wayarshi ta buɗe nata, taka ta shiga kai tsaye. Haka muke yi wurin aiki."

Na ce, "In muka sauka, daga inda ya tsaya zai ci gaba?"

Ta ce, "Wannan ban ɗaukar maka alkawari. Galibi daga farko yake komawa."

Na dubi layin nan da na yi wa fifita, na yi faɗa a kansa, na goge wa'azina dominsa. Ya haura rabi. In zubar da shi a kan maganar matar da ban sani ba? Kuma kaina ya kasa ɗaukar cewa abin da kowa ke rububi a kai shi ne yake riƙe mu. Na ce mata na gode, bari mu ɗan ƙara gani. Ta ɗaga kafaɗa ta koma bencinta.

Aka kira la'asar. Muka bar wa mai shayi wayoyin muka yi sallah, ban san abin da na karanta ba. Da na dawo layin bai ƙara ko faɗin farce ba. A waje an gama loda kayan motar Damagaram, direba ya tayar da inji. Na je na durƙusa gaban Madam na miƙa mata wayoyin.

Ba ta yi min gori ba, Allah ya saka mata. Yatsunta suka yi ta tafiya, ta fitar da mu daga waifan, ta haɗa wayoyin da juna, ta danna inda aka ce a sake turawa. Layin ya koma farko. Sai kuma ya zabura. Jama'a, abin da tun azahar yake rarrafe, ga shi yana gudu ina gani da idona. Na ji hawaye ya cika min ido, rabi don murna rabi don haushin kaina.

A can ba a rububin shiga mota, suna ake kira ɗaya bayan ɗaya. Aka fara kira. Muka matsa bakin motar, Illa riƙe da tasa, ni riƙe da tawa. A nan idona ya sauka ƙasan bidiyon, inda saƙon muryar yake. Ko motsi bai yi ba. Na ce, "Madam, wannan fa? Ba tare suke tafiya ba?" Ta leƙa ta ce, "A'a, bi da bi ne. Wanda ka fara zaɓa shi ke fara tahiya. Ai da ƙaramin ka sa gaba, da ko a wifin ya wuce tun azahar."

Na ce a tsayar da bidiyon a tura ƙaramin. Ta ce in na tsayar yanzu bidiyon ya tafi ke nan, ba lokacin sake shi. Saura kaɗan ya cika. Na tuna Baffa da Hansatu da gonar da kara ke tsaye a cikinta. Na tuna Inna tana kallon bango. Ina cikin wannan aka kira sunan Madam, aka kira na Illa. Na ce a raina ai saura ƙiris, duka biyun za su shiga. Na bar shi.

Illa ya sami kujerar taga, ya zuro hannu waje da wayar. Na tsaya a ƙasa na ɗaga tawa. Na roƙi yaron motar ya ɗan jinkirta, ya ce direba ba ya jiran kowa, haka dokarsu take. Ƙofa ta rufe. Motar ta fara ja da baya, ina bin ta. Ta juya ta nufi ƙofar tasha, ina gudu a gefenta hannuna a sama, mutane suna kaucewa. Wayata ta yi ƙara, bidiyon ya shiga. Na ga layin ƙaramin ya taso. Motar ta fita titi ta ƙara wuta, takalmina ɗaya ya fita, na ci gaba da gudu a haka. Ina hango hannun Illa a waje har suka sha kwana. Da na duba, an rubuta cewa haɗin ya yanke.

Na zauna a bakin titi na buɗe. Bidiyon yana nan cif, yana buɗewa lafiya lau. Saƙon kuwa suna ne kawai, in ka taɓa shi ba abin da ke fitowa. Wani mai kabu-kabu ya kawo min takalmina. Na koma na mayar wa mai shayi cajarsa, ya dubi fuskata, bai tambaye ni ba, ya zuba min shayin nan mai ɗaci na shanye.

Washegari na kamo hanyar gida. Tsakanin Jibiya da Katsina na ba wata dattijuwa da ke kusa da ni labarin, don ya yi min nauyi in riƙe shi ni kaɗai. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ɗan nan, ni ban san kan waya ba. Amma duk zaman nan da kuka yi, me ya hana ya kunna maganar a tasa, kai kuma ka ɗauka da taka, yadda jikokina ke ɗaukar karatu?" Wannan dabarar ko kaɗan ba ta zo min a rai ba a tasha. Daga Bici na kira lambar maƙwabcin Illa, ya ce ai ya wuce, kuma inda za shi sai dai in Allah ya dawo da shi.

Da dare na isa gida, da safe Baffa ya tara dattawa a zaure, aka sa wayar a tsakiya. Da fuskar ta fito, liman ya ce, "Shi ne," aka ɗauki salati. Baffa ya share ido da bakin riga, ya dafa kafaɗata ya ce na yi aikin maza, na fitar da gidan daga duhu. Aka shiga aka gaya wa Hansatu, kukanta ya cika unguwa. Kafin la'asar an tsayar da ranar sadaka, an san wanda zai shuka wa marayu gonar. Kowa ya sami abin da ya aike ni.

Inna ba ta leƙo zaure ba. Mata suna ta shigowa gaisuwa, ita kuwa tana amsawa sama-sama kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu, yadda al'ada ta ce. Sai da rana ta yi sanyi na same ta bayan rumbu ita kaɗai, tana dama wa awaki dusa. Na tsuguna na gaishe ta. Ba ta juyo ba.

Ta ce, "Mutumin bai ba ka wani abu ba?"

Na gaya mata duka, ban rage komai ba. Na ce Illa ya ce gafararta ya roƙa.

Ta ce, "Wannan an yafe tun ranar da aka fita." Ta ci gaba da dama dusar. Can ta ce, "Kai ka ji?"

"Farkon kawai na ji. Na tsayar don ke ki fara ji."

"Me aka ce?"

"Ya ce, Inna, ni ne. Ina wuni."

Hannunta ya tsaya a cikin kwanon. Ta ce, "Inna aka ce?" Sai a lokacin na tuna cewa duk rayuwarsa kakarmu yake kira da wannan sunan, ita kuwa ba ya kiranta da komai. Na ce mata e, haka ya ce, da kunnena na ji.

Ta juyo ta dube ni ta ce, "Sake faɗa."

Na gyara murya, na yi iya ƙoƙarina, na sake faɗa. Ta rufe ido tana saurare har na gama, ta ɗan jira kamar akwai saura. Sannan ta girgiza kai a hankali.

Ta ce, "Ba haka muryarsa take ba."